A Daina Tula Ƙasa A Kan Tsofaffin Madatsu, A Gina Wa Ambaliya Wurin Haurewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan jarida, muna neman a ba mu fili mu yi magana a kan tsofaffin madatsun ruwa da aka gina da ƙasa a jihohin Zamfara da Kebbi, da irin gyaran da ya dace da su. Zanen madatsu da duba gininsu shi ne aikinmu, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ta kashe kuɗi a kan gyare-gyaren da ba sa hana madatsa ɓallewa ranar da babban ruwa ya zo.

In an ce dam a wannan yanki, Bakalori ce ke fara zuwa a rai, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Sai Goronyo a kan kogin Rima, wadda ruwanta ya yi ɓarna a Satumbar 2010 tun daga Sakkwato har fadamun Kebbi. Mutanen Gusau ba su manta da ƙarshen Satumbar 2006 ba, lokacin da madatsar garin ta ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfi, ƙofofinta ba su buɗu ba, rahotannin lokacin suka ce an rasa kimanin mutum 40 da gidaje 500. Kano ta ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, Maiduguri ta ga ta Alau a Satumbar 2024. Waɗannan duk suna da suna, suna da hukumar da za a tambaya. Waɗanda suka fi damunmu su ne ƙanana da matsakaita, masu tsayin mita 4 zuwa 12, da aka tare ƙoramu da su shekaru 30 zuwa 50 da suka wuce domin shayar da dabbobi da noman rani. Da yawansu babu mai gadi, babu ma'aunin ruwa, takardun zanensu sun ɓace, ga kuma gari ya bunƙasa har ya zauna a bayansu.

Madatsar ƙasa tana iya riƙe ruwa shekara da shekaru muddin yana gabanta, amma ba ta jure ya bi ta kanta. Ruwan yakan fara haurewa ne ta wurin da doron ya fi ƙasa, galibi inda shanu da babura suka yi hanya, ko tsakiyar madatsar inda ƙasa ta fi tsayi ta kuma fi zama. Da ya gangara ta baya sai gudunsa ya ƙaru. A madatsa mai tsayin mita 8, in gangaren sumul ne, gudun ruwan yana iya wuce mita 10 a daƙiƙa kafin ya kai gindi. Zaizayar ba daga sama take farawa ba. Tana farawa ne daga gindi, ko daga gindin wata bishiya, ko bakin ramin gafiya, ta yanka ɗan kwazazzabo, kwazazzabon ya riƙa cin baya yana hawa har ya iso doro. Da ya yanka doron zuwa wajen tafkin, magana ta ƙare, domin yanzu ruwan tafkin ne gaba ɗaya ke neman fita ta wannan ɓaraka, yana faɗaɗa ta yana zurfafa ta. In yashi ya yi yawa a ƙasar da aka yi ginin da ita, abin ba ya ɗaukar awa guda. Yumɓu mai kyau da ciyawa ta rufe yakan jure na ɗan lokaci. Lissafin da aka yi a kan madatsun da suka ɓalle a duniya ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku haurewar ruwa ce ta kashe su.

Mai karatu zai ce, madatsar da ta yi shekara 40 ba ta ɓalle ba, me zai same ta yanzu? Abubuwa sun sauya a kanta da kuma samanta. An yi zanen yawancinsu da bayanan ruwan sama na 'yan shekaru, wasu ma a shekarun fari na 1970 da 1980. Tun daga lokacin an sare daji an mayar da shi gona, ruwan da a da yake nutsewa a ƙasa yanzu yana gangarowa kai tsaye, ɗauke da yashi da taɓo da suka cike tafkin, suka cinye wurin da ambaliya za ta ɗan dakata. Doron ya zauna. Mafitar rarar ruwa, wadda aka yanka a gefe, ta cika da kaba da geza, wani wurin ma manoman rani sun jera mata buhunan yashi don su ƙara tara ruwa. Ba mu ga laifin mai son tumatirinsa ya kai Maris ba, amma duk santimita 30 da aka ɗaga mafita, an rage santimita 30 ne daga tazarar da ke tsakanin ruwa da doro.

Ga misali da lissafi. A ɗauka ƙoramar tana tara ruwa daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 20, aka yi ruwan milimita 100 a dare ɗaya cikin Agusta, ƙasa ta riga ta ƙoshi. Ruwan da ya sauka ya kai kubik mita miliyan 2. In rabinsa ya gangaro cikin awa 4, ana samun kubik mita 70 a kowace daƙiƙa a matsakaici, a ganiyarsa kuma yana iya ninkawa ya kai 140. Mafita mai faɗin mita 15, in ruwa ya kai zurfin mita 1 a kanta, kubik mita 25 kawai take fitarwa a daƙiƙa. Ko ta cika maƙil har mita 1.5, daidai da doro, ba ta kai 50 ba. Sauran dole ya nemi hanya, kuma hanyar ita ce kan madatsar.

Gyaran da aka fi yi shi ne a kawo tifa-tifa na marmara a tula a doro a ce an ƙara tsayi. Ƙara tsayi yana da wurinsa, za mu zo gare shi, amma irin wanda ake yi ba tare da faɗaɗa gindi ba, ba tare da kankare tsohuwar fuskar a danne sabuwar ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa ba, yana ƙara haɗari ne kawai. Doro ya zama siriri, sabuwar ƙasa ba ta kama tsohuwa ba, kuma ranar da ta ɓalle ruwan da zai afka wa gari ya fi na da. Gyara na biyu shi ne a shafe bayan madatsa da kankare mai kaurin santimita 10, irin na daɓen tsakar gida. Yana da kyau a hoto ranar buɗe aiki. Sai dai nauyinsa kilo 240 ne kacal a kowace murabba'in mita, wato matsin ruwa mai tsayin santimita 25 a ƙarƙashinsa ya isa ya ɗaga shi. Ƙasar da ke ƙarƙashi tana zama, kankaren ya tsage, ruwa mai gudu ya kutsa ta tsagar, ya kwashe ƙasar ya bar rami, falle ɗaya ya tashi, saura su bi shi. Ba mu kaɗai abin yake samu ba. A Fabrairun 2017 haka kankaren mafitar dam ɗin Oroville a Kalifoniya ta Amurka ya ɓalle, aka kwashe mutane sama da 180,000 daga garuruwan da ke ƙasa.

Abin da muke ba da shawara shi ne a yarda cewa ruwan zai haura, a zaɓa masa inda zai haura, a gina wurin da kankare mai kauri wanda ruwa ba zai ɗaga ba. Hanyar da ta fi dacewa da madatsu masu tsayin mita 5 zuwa sama ita ce kankaren rola, wanda ake rubutawa RCC a takardun kwangila. Siminti ne da tsakuwa da yashi kamar kowane kankare, amma ruwansa kaɗan ne ƙwarai, ba ya kwarara, ba a sa masa rodi. Ana ɗauko shi a tifa, a baje da katafila ko gireda, a danne da rola mai girgiza, da kayan aikin da kowane ɗan kwangilar titi yake da su. An yi amfani da shi mai yawa wajen gyaran dam ɗin Tarbela a Pakistan a shekarun 1970, an gina dam ɗin Willow Creek a Amurka da shi gaba ɗaya a 1982, daga shekarun 1980 kuma aka fara lulluɓe bayan tsofaffin madatsun ƙasa da shi, kuma an yi wa fiye da 100 haka a can.

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a fara da awo. A auna doron daga wannan kai zuwa wancan, duk mita 10, a san inda ya fi ƙasa. A auna faɗin filin da ke zubo da ruwa, a nemi bayanan ruwan sama daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet da na koguna daga hukumar tattara bayanan ruwa ta NIHSA da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, a lissafa ambaliyar da za a yi zane a kanta. Inda akwai gidaje a baya, ambaliyar sau ɗaya a shekara 100 ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a yarda da shi, kuma mu a ganinmu in gari ne babba ya kamata a wuce haka sosai. Sannan a duba jikin madatsar lokacin da tafkin yake cike. In akwai tsattsafo a baya mai fitowa da ruwa garau, magudanar da za mu bayyana a gaba za ta iya da shi. In ruwan yana fitowa da laka, ko doro ya lotsa a wani wuri, ko gangaren ya zame, ruwa ya riga ya haƙa hanya a cikin jikinta, kuma lulluɓe irin wannan da kankare ɓoye cuta ne. Sai an yi maganin wannan tukuna, in ba ta gyaruwa a yanka ta a sake gini.

In jikin lafiya lau ne, sai a zaɓi wurin haurewa. An fi so ya fuskanci tsohuwar ƙoramar, yadda ruwan zai faɗa hanyarsa ta asali, kuma a kauce wa inda bututun fitar da ruwa ya ratsa. A misalinmu na sama, in aka yanka doro a faɗin mita 60, aka ajiye bakin sabon wurin santimita 30 sama da tsohuwar mafita, ruwan kowace shekara zai ci gaba da bin tsohuwar hanya. Ranar babbar ambaliya, in ruwa ya kai mita 1 a kan sabon wurin, zai fitar da kubik mita 102 a daƙiƙa, tsohuwar mafita ta fitar da kusan 38, jimla 140. A lokacin ruwan yana ƙasa da tsohon doro da santimita 20 kawai, wanda bai isa ba saboda igiyar ruwa, don haka a nan ne ake ƙara wa kafaɗun biyu da ba a lulluɓe ba kamar rabin mita, ta hanyar da ta dace: a faɗaɗa daga gindi, a danne ƙasa mai damshi santimita 15 zuwa 20 a kowace shimfiɗa.

Ana fara aikin ne bayan damina, a rage ruwan tafkin gwargwadon iko, kuma wannan sai an zauna da manoman rani da makiyaya tun kafin kaka. A kankare ciyawa da baƙar ƙasar sama daga bayan madatsar. A tumɓuke dogon yaro da bagaruwa har saiwoyinsu, a tone shurin gara har ƙasa, a bi ramukan gafiya da guza, a cike duk da yumɓu a danne. Kututturen da aka sare aka bari zai ruɓe ya bar rami a ƙarƙashin kankare, inda ido ba zai gani ba.

Daga nan sai magudana, ɓangaren da aka fi yi wa ha'inci domin yana binnuwa. Kowace madatsar ƙasa tana tsattsafo. In aka rufe bayanta da kankare ba a bar wa wannan ruwan mafita ba, zai taru ya jiƙa gangaren, ya tura kankaren daga ciki. Ana shimfiɗa wankakken yashi mai kaurin santimita 15 zuwa 30 a kan ƙasar, a ɗora wankakkiyar tsakuwa mai kaurin haka. Aikin yashin shi ne ya bar ruwa ya wuce ya tare laka, saboda haka girman ƙwayoyinsa sai an daidaita shi da irin ƙasar madatsar a ɗakin gwaji, ba kowane yashin rafi ne zai yi ba. A gindi ana kwantar da bututun roba mai huji-huji, faɗinsa santimita 10 zuwa 15, a cikin tsakuwar, a fitar da bakuna ta cikin kankaren duk 'yan mitoci, a sa musu raga saboda ɓera da maciji. Tun ran gini tun ran zane: magudanar da ba a sa ba kafin a zuba kankare, ba za a sa ta ba har abada.

Ginin kansa daga ƙasa yake tashi. A can ƙarshen inda ruwa zai sauka ana haƙa rami a gicciye, mita 1.5 zuwa 2 ko har a tarar da dutse, a cika da kankare ya zama katangar ƙarƙashin ƙasa, don kada zaizaya ta ci baya ta shiga ƙarƙashin aikin. Tsakanin wannan katanga da gindin madatsa ana shimfiɗa dandamali mai kaurin santimita 60 ko fiye, tsawonsa kamar mita 10 a misalinmu, da ɗan tudu a ƙarshensa da zai tare ruwa ya yi ɗan tafki, ruwan da ke saukowa ya faɗa cikinsa ya huce. Bayan katangar a jera manyan duwatsu. Yawancin aikin da ya lalace daga gindi ya lalace, saboda an ƙawata gangare an bar wurin sauka ƙasa tsirara.

Sai a fara hawa. Kowace shimfiɗa a kwance take, ba a jingine da gangare ba, faɗinta mita 2.4 aƙalla domin tifa da rola su samu wurin tafiya. Ana baje ta a kaurin santimita 35 zuwa 38, bayan danna ta dawo 30. Wadda ke bi ana ja da ita baya, a gangaren da ke tafiya mita 2.5 kafin ya hau mita 1 ana ja da santimita 75, haka-haka har doro, sai bayan madatsar ya zama matakala. Matakalar tana da amfani, domin kowane hawa yana karya gudun ruwa, ya isa gindi da rauni. Kaurin wannan lulluɓi in an auna shi daga fuskar gangare ya kusa santimita 90, nauyinsa ya haura tan 2 a kowace murabba'in mita. A kwatanta da kilo 240 na daɓen da muka ambata. Gefe biyu na wurin haurewar ana ɗaga musu katanga, ko a lanƙwasa shimfiɗun su hau kafaɗa, yadda ruwa ba zai taɓa ƙasa ba. A doro kuma kankaren yana rufe faɗin gaba ɗaya, ya sauka ta gaba ya nutse cikin yumɓun madatsar mita 1 ko fiye, don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa ya cika magudanar.

Kwaɓin yana son kimanin kilo 200 na siminti a kowane kubik mita, wato buhu 4, da tsakuwa da yashi kimanin kilo 2,100, da ruwa lita 120 zuwa 130. Tsakuwar kada ta wuce milimita 40, domin manya suna warewa su gangara gefe idan tifa ta juye, su bar saƙar zuma. In kwaɓin ya yi daidai kamanninsa kamar dambu ne: ka dunƙula a hannu ya tsaya, bai jiƙa maka tafi ba. In ya bushe fiye da haka rola ba za ta haɗe shi ba, in ya jiƙe rola ta nutse. Rola mai tan 10 takan bi sau 4 zuwa 8, amma adadin ba a ƙiyasta shi, ana yin shimfiɗar gwaji a gefe kafin a fara, a auna, a ga sau nawa ne ke kai danna kashi 98 cikin 100. Ƙarfin da ake nema bayan kwana 28 shi ne megafaskal 20 ko sama a ma'aunin ƙarfin kankare, domin ruwan ƙoramunmu yana zuwa da yashi mai goge kankare. Bakin matakala, inda babbar rola ba ta kaiwa, a sa katako a tare a danne da ƙaramin inji, in ba haka ba zai riƙa marmashewa.

Yanayinmu shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Daga lokacin da ruwa ya taɓa siminti zuwa gama danna bai kamata a wuce minti 45 ba, don haka injin kwaɓa sai ya zauna a bakin aiki, ba a Gusau ko Birnin Kebbi ba. Iskar hunturu tana busar da fuskar shimfiɗa kafin a ankara, zafin Maris da Afrilu kuma yana haura digiri 40. A irin wannan lokaci a yi zubi da dare ko da asuba, a yayyafa wa tulin tsakuwa ruwa, a rufe tifa da tamfol. Fuskar kowace shimfiɗa ta kasance da damshi da tsabta har a ɗora ta gaba. In an yi awanni ba a ɗora ba, ko tayar mota ta shafa mata laka, sai a wanke, a shafa kwaɓin siminti da yashi mai kaurin santimita 1 kafin a ci gaba, musamman a shimfiɗun doro da na gindi. Bayan an gama a yi ta ba shi ruwa kwana 14 ba yankewa. Wannan yana nufin tankar ruwa da mai kula da ita suna cikin lissafin kwangila tun farko.

Ga adadin kaya, don masu kasafi su san inda suka dosa. In daga gindi zuwa bakin haurewa mita 8 ne, shimfiɗa 27 ke nan, kowace kubik mita 43 a faɗin mita 60, jimla kusan 1,170. In an haɗa dandamali da doro da katangu za a doshi kubik mita 2,000. Siminti buhu 8,000, kimanin tirela 13 masu ɗaukar buhu 600. Tsakuwa da yashi tan 4,200. Ruwan kwaɓi kaɗai lita 250,000. In ana zuba kubik mita 200 a rana, zubin bai wuce kwana 10 ba, shirye-shiryen ne ke cin watanni. Wannan saurin yana da muhimmanci a wuraren da matsalar tsaro ba ta barin ma'aikata da injuna su daɗe a daji. Babu kuma ƙarfen da 'yan jari-bola za su ɓalle.

Siminti ba shi da nisa, ga masana'antar Kalambaina a Sakkwato. Dutse ne ke raba yankunan. Yawancin Zamfara, daga Tsafe zuwa Kwatarkwashi da Gusau, da kudancin Kebbi wajen Zuru da Yawuri, suna kan dutse mai tauri da ake fasawa a samu tsakuwa mai kyau. Arewacin Kebbi, wajen Argungu da Gwandu da Birnin Kebbi, ƙasar yashi ce da yumɓu da marmara, kuma kuɗin jigilar tsakuwa zuwa can yana iya fin na siminti. A nan ana iya haɗa ƙasa mai yashi da siminti kashi 8 zuwa 12 cikin 100 na nauyinta, a danne ta a matakala kamar yadda muka bayyana. Ba ta kai kankaren rola jure gogayya ba, don haka ta fi dacewa da wurin da ruwa zai haura jefi-jefi, kuma sai an gwada ƙasar, domin mai yumɓu da yawa dunƙulewa take yi ta ƙi haɗuwa da siminti. Marmara mai laushi da ake murƙushewa da hannu ba ta zama tsakuwar kankare.

Madatsar da ba ta wuce mita 4 ba, kai mata rola da injin kwaɓa asara ce. Maginan gari za su iya yi mata matakalar dutse da siminti mai kaurin santimita 50 zuwa 60, da magudana da katangar gindi iri ɗaya. Kejin waya da ake cika da duwatsu shi ma yana aiki, amma yashi yana cinye rufin wayar ta yi tsatsa, ana kuma yanke ta. Sauran jikin madatsar a dasa masa kiri-kiri, a hana bishiya, a yi wa shanu mashaya a gefe.

Akwai abin da wannan gyara ba ya yi, kuma wajibi ne a gaya wa mutane. Ba ya rage ambaliya. Kubik mita 140 ɗin nan zai wuce ta ƙoramar, wanda ya yi gini a hanyar ruwa zai jiƙe. Abin da ake hanawa shi ne tafkin gaba ɗaya ya taho a lokaci guda cikin dare. Haka kuma ba maganin manyan madatsu masu ƙofofi ba ne irin Bakalori da Goronyo. Su lafiyarsu tana ga ƙofofin da ke buɗuwa, da janareto mai mai, da ma'aikacin da ke da ikon buɗewa a kan lokaci, da sanar da mutanen Argungu da Birnin Kebbi kafin ruwan ya iso su.

Roƙonmu ga gwamnatocin Zamfara da Kebbi shi ne ma'aikatun ruwa su ƙirga madatsun ƙasa da ke kowace ƙaramar hukuma, su rubuta tsayin kowace, da faɗin mafitarta, da tazarar doro, da yawan gidajen da ke bayanta. A jera su bisa yawan rayukan da ke cikin haɗari, ba bisa mazaɓar wanda ya fi murya ba. Zane ya fito daga injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, mai duba aiki kuma kada ya kasance yana karɓar albashi daga ɗan kwangila. A ba da kwangila a Satumba ko Oktoba, a fara a Nuwamba, a rufe doro kafin ƙarshen Afrilu. Madatsar da aka yanka wa doro ba a gama ba har ruwan Yuni ya sauka ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari, saboda haka in kuɗin bai cika a hannu ba kada a yanka.

Hakimai da dagatai da shugabannin manoman rani su ma suna da abin dubawa ba tare da na'ura ba. Su ga yashi da tsakuwa da bututu da idonsu kafin a rufe. Su sa sanda su auna faɗin shimfiɗa da kaurinta. Su ƙirga buhunan da ke shiga injin kwaɓa, su lura ko ana ba kankaren ruwa. Bayan an miƙa aiki, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa zagaya madatsar kowane mako a damina, ya share bakunan bututu, ya duba ko ruwan da ke fita garau ne ko da laka, ya leƙa bayan katangar gindi bayan kowace ambaliya ko duwatsun sun tafi, ya kuma hana a jera buhun yashi a bakin haurewa. In ya ga laka a bakin bututu, ko tsagar da yatsa ke shiga, a buɗe bututun rage ruwa nan take, a sanar da ma'aikatar ruwa da mutanen da ke baya a ranar.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin madatsun ruwa,
Gusau, Jihar Zamfara.